Duluth daga bakin jaridunta: kundin aikin da nake yi

9 ga Satumba, 2024

Yau na ɗaura ɗamarar aikin da na shekara biyu ina ɗagawa. Ina so in rubuta tarihin garin Duluth da Hausa, kuma in ɗebo shi daga jaridun garin da kansu. A nan zan riƙa ajiye abin da na yi da ranar da na yi shi, domin 'yan uwa masu bibiya su ga inda aka kwana.

Ga wanda bai san garin ba, Duluth na jihar Minnesota ne a arewacin Amurka, a ƙarshen yammacin Tafkin Superior, wanda duk duniya babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi. Garin a jikin tudu yake, ya miƙe siriri yana bin gaɓa, kusan duk unguwar da ka tsaya kana hangen ruwa. Daga nan zuwa Tekun Atlantika tafiyar sama da kilomita 3,700 ce ta ruwa, amma tun da aka buɗe hanyar St. Lawrence a 1959 jiragen teku na zuwa har nan su yi lodin hatsi. A ƙidayar 2020 mutanen garin sun ɗan haura 86,000. A 1960 sun haura 106,000. Wannan ragin na mutum dubu ashirin shi ma labari ne da zan bi.

Jiragen ruwa ne suka ja ni. Ta tagar ɗakina nake ganin su suna shigowa, wasu tsawonsu ƙafa 1,000, gada ta ɗaga musu, su busa ƙaho, gadar ta amsa. Na sayi littattafan rubutu uku, na ware awa huɗu a mako.

24 ga Satumba

Na fara zama a ɗakin karatu na gari da ke kan titin Superior. Tsofaffin jaridun an ɗauki hotonsu a kan siririn fim, ana zura shi a na'ura, mutum ya riƙa juyawa shafi na wucewa. Bayan awa biyu ido na yaji. Wasu jaridun kuma suna intanet, a rumbun ƙungiyar tarihi ta jihar Minnesota da na ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, waɗannan a gida nake karanta su da daddare.

Na jera manyan jaridun bisa shekarunsu don kada in ruɗe. Ta farko ita ce Minnesotian, wadda Dakta Thomas Foster ya fara bugawa a 1869. A 1870 Robert C. Mitchell ya tsallako da Tribune daga garin Superior na jihar Wisconsin, wanda ke ɗaya gefen ruwan. Herald, jaridar yamma, ta zo a 1883. Daga baya Tribune ta haɗe da wata mai suna News, aka sami News Tribune ta safe, ita da Herald suka riƙa raba yini har 1982 da aka narkar da su wuri guda.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne, lokacin da Foster ya kafa maɗaba'arsa, garin bai gama zama gari ba. Layin dogon da zai haɗa shi da St. Paul bai ƙaraso ba sai 1870. Ke nan jaridar ta riga garin. Aikinta na farko kira ne: ku zo, a nan arziki yake. Foster ne ake danganta wa kirarin da har yau ke bin Duluth, wato birnin ƙoli na tekunan da babu gishiri. Duk wanda zai karanta shafukan farkon nan sai ya tuna cewa maroƙi yake saurare, ba shaida ba.

12 ga Oktoba

Yau shekara 106 da babbar gobarar 1918, sai na tsallake jerin shekaru na karanta ta. Tartsatsin jirgin ƙasa ne ya kama busasshen daji, iska ta kwashe shi. Garin Cloquet ya ƙone kusan ƙurmus, Moose Lake ma haka, wutar ta ci har gefen Duluth. Adadin mamatan da aka tabbatar 453 ne. Kuma duk wannan a tsakiyar annobar mura, ana cusa waɗanda suka tsira a manyan zauruka, cuta na bin su.

Abin da ya karya mini zuciya jerin sunaye ne. Kwana da kwanaki jarida ta zama allon cigiya: wane yana neman matarsa, an ga 'ya'yan wane a wuri kaza, ga gawawwakin da aka gane. A ranar irin wannan jarida ba ta da wani aiki da ya wuce ta haɗa uwa da ɗanta. Diyyar da aka yi ta shari'a a kanta kuwa, saboda a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin tarayya ce ke riƙe da jiragen ƙasa, ba a kammala biyan ta ba sai 1935. Da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya kafin nan.

29 ga Oktoba

Na koma baya, kan mashigin ruwa. Wani dogon tsirin yashi ne ya raba tafkin da tashar jiragen ruwa, kuma asalin ƙofar da Allah ya yi tana can gefen garin Superior. Mutanen Duluth suka ga in ba su yanka tasu ƙofar ba, duk jirgi maƙwabta zai nufa. Suka fara haƙa a kakar 1870, suka huda a bazarar 1871. Superior ta kai ƙara, tana cewa sabon mashigin zai karkatar da ruwan kogin St. Louis ya bar tata ƙofar ta cushe.

Akwai labarin da kowa a garin nan ya haddace: wai da aka ji takardar kotu na hanya, maza da mata da yara suka fito da shebur da diga suka haƙe mashigin cikin kwana biyu. Maƙwabcina ya ba ni shi yana alfahari. To rahotannin lokacin ba haka suka nuna ba. Wani jirgin haƙa mai suna Ishpeming ne ya yi aikin, mutane sun sa hannu ne kawai inda ƙasa ta daskare, umarnin kotun kuma ya zo ne bayan ruwa ya daɗe da ratsawa. Zan rubuta duka biyun, in faɗi wanda ya faru da wanda aka ƙawata. Labarin sheburin ba zan yar da shi ba, domin yana nuna yadda garin ke son a gan shi.

Shekara biyu bayan nan komai ya rushe. Jay Cooke, attajirin Philadelphia da kuɗinsa ke riƙe da layin dogo da rabin garin, bankinsa ya durƙushe a Satumban 1873. Fiye da rabin mutanen suka tattara suka tafi, bashi ya danne garin, a 1877 ya rasa matsayinsa na birni ya koma ƙauye a hukumance, bai dawo da shi ba sai 1887. A shafukan waɗannan shekaru tallace-tallace ne suka fi ba ni labari. Shaguna na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sanarwar gwanjon filaye na ƙaruwa.

28 ga Nuwamba

Yau hutu ne a nan, ina gida. A rana mai kamar ta yau a 1905 guguwa ta maka jirgin Mataafa da bangon mashigin nan, ya karye a gaɓa, kusa ƙwarai da tudu. Dubban mutane suka tsaya a bakin ruwa suna hura wuta har gari ya waye, suna kallo ba su da yadda za su yi. Mutum tara da ke ɓangaren baya suka mutu, sanyi da ruwa suka kashe su, aka ceto goma sha biyar washegari. Asarar jiragen da aka yi a guguwar ce ta sa aka gina hasumiyar fitila ta Split Rock, aka kunna ta a 1910.

A shekarar 1905 ɗin ne aka buɗe gadar mashigin. Da fari ba ɗagawa take ba, wani ƙaton keji ne ke rataye yana kai mutane da kekunan doki tsallake. Sai a 1930 ta koma mai ɗagawa kamar yadda take yau. Babin jirage ya kusa haɗuwa, shafi 22 da hannu. Shi ne mafi sauƙi, domin a kan ruwa da iska duk jaridun bakinsu ɗaya.

17 ga Disamba

A kan tama kuwa bakinsu ya rabu, kuma nan aikin ya sauya mini kama.

A 1890 'yan gidan Merritt suka gano tama a tsaunukan Mesabi, arewa da gari. A 1892 aka fitar da lodin farko. Da tattalin arziki ya sake karyewa a 1893, bashi ya kai su hannun attajirin nan John D. Rockefeller, ma'adinan da layin dogon duk suka suɓuce musu. Daga nan Duluth ta zama bakin da ƙarfen Amurka ke bi. In ka karanta manyan jaridu, lissafin tan-tan za ka gani da gidajen attajirai da ake ginawa a gabashin gari.

Sai na buɗe Labor World, jaridar ƙungiyoyin ƙwadago. Wata mata ce mai suna Sabrie Akin ta kafa ta a 1896, ta rasu a 1900, amma jaridar na fitowa har gobe. A cikinta gari ɗaya ne, shekara ɗaya, amma kamar wata duniya: awa nawa leburan lodi ke tsaye, nawa ake biyan sa, wa ya faɗo daga kan dakali, wa zai ciyar da marayunsa. Yajin aikin masu haƙar tama na 1907 da na 1916, in ka karanta shi a babbar jarida, fitinar baƙin haure ce. In ka juyo nan, mutane ne ke neman a auna musu guminsu da mudun gaskiya.

Na yanke shawara daga yau ba zan rubuta aukuwa ko ɗaya daga jarida guda ba. Littafin rubutuna na raba kowane shafi gida biyu, wani lokaci uku. Wannan zai ninka aikin, na sani, watan Yunin da na sa wa kaina in gama ba zai yiwu ba.

27 ga Janairu, 2025

Tashar ta yi tsit. Bisa al'ada ƙofofin ruwa na Sault Ste. Marie, da suka haɗa wannan tafki da na ƙasa, ana rufe su 15 ga Janairu sai wajen 25 ga Maris. Jiragen da suka yi saura suna daure ana gyara.

Gajeren abu na yi yau. A rana irin ta yau a 1871 wani ɗan majalisa daga Kentucky, J. Proctor Knott, ya tashi a zauren Majalisar Wakilai ya yi dogon jawabi yana yi wa Duluth ba'a, don ya kashe wani ƙudurin bai wa layin dogo filaye. Zauren ya yi ta dariya, ƙudurin ya mutu. Mutanen Duluth suka ɗauki jawabin suka yi ta sake buga shi suna rabawa, sunan garin ya shiga kunnen waɗanda ba su taɓa jin sa ba. Har wani gari da ke bayan tudu aka raɗa wa sunansa, shi ne Proctor.

Da yamma na kira kawuna a gida. Shi ne mutumin da na taso na ga yana ɗaure Gaskiya Ta Fi Kwabo dami-dami a cikin adaka, ya sa ganyen darbejiya saboda gara. Bayan mun gaisa na ba shi labarin aikin.

Ya ce, "To kai ɗan nan, jaridun nasu duk suna nan, ba wanda ya naɗe ƙosai da su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Kawu, an naɗe da yawa. Amma an sami masu ajiye kwafi ɗaya-ɗaya."

Ya yi shiru, sannan ya ce in na zo in tuna masa mu buɗe adakar. Na rubuta wannan a bangon littafina don kada in manta.

18 ga Fabrairu

Duluth ba da Turanci kaɗai ta yi magana ba. Mutanen Finland, Sweden, Norway, Poland da Italiya sun cika unguwannin ma'aikata, wasunsu da jaridunsu. Na 'yan Finland ne suka fi ƙarfi. Industrialisti, ta masu ra'ayin ƙungiyar ƙwadago ta IWW, daga nan Duluth take fitowa har 1975. Työmies kuma ta dawo Superior a 1914. Har makarantar koyar da ma'aikata suke da ita a unguwar Smithville.

Ba na jin yaren, amma Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga can. Mako-mako muna zama, tana karantawa a hankali tana fassara mini, ni kuma ina rubutawa da Hausa kai tsaye. Takan tsaya a kan kalma ta ce rabon da ta ji ta tun bakin kakarta.

Ita ta kai ni ga labarin Olli Kinkkonen. Leburan tasha ne ɗan Finland. A Satumban 1918, ana tsakiyar zafin yaƙi, yana cikin waɗanda suka janye neman zama 'yan ƙasa don kada a kai su fagen daga. Wasu da ke kiran kansu masu kishin ƙasa suka ɗauke shi daga masaukinsa, suka shafe shi da kwalta suka manna masa gashin tsuntsu, har suka sanar da jarida abin da suka yi don ya zama gargaɗi. Bayan kimanin mako biyu aka tsinci gawarsa rataye a bishiya a Lester Park. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa. Ba a gurfanar da kowa ba. Kabarinsa a maƙabartar Park Hill ya zauna ba alama har 1993, lokacin da ƙungiyar Työmies ta kafa masa dutse.

Ranar da ta gama karanta mini, ba mu sha shayin da ta dafa ba.

12 ga Maris

Azumi ya shigo, na rage zuwa ɗakin karatu. Amma babin da nake gudu tun farko ya iso, kuma na ga gara in yi shi a wannan wata da zuciya ke a tausashe.

Ranar 14 ga Yuni, 1920, wata tawagar masu wasan nishaɗi ta John Robinson ta yada zango a yammacin gari. Da daddare wani saurayi farar fata ya ce wasu baƙaƙen fata ma'aikatan tawagar sun tsare shi da bindiga sun yi wa budurwar da ke tare da shi fyaɗe. Likitan da ya duba ta da safe bai ga wata alamar hakan ba. Duk da haka aka kama mutane, aka tsare shida a ofishin 'yan sanda da ke titin Superior. Jaridar yamma ta 15 ga wata ta fito da zargin, jita-jita ta ƙara masa gishiri har ana cewa yarinyar ta mutu. Kafin dare dubbai sun taru. Kwamishinan tsaron gari ya hana 'yan sanda harbi. Aka fasa ginin, aka fito da Elias Clayton, Elmer Jackson da Isaac McGhie, samari masu kimanin shekara ashirin, aka rataye su a jikin turken fitila a mahaɗar First Street da Second Avenue East. Aka tsaya aka ɗauki hoto da gawawwakin, wasu na leƙo kai don su fito, aka mai da hoton katin gaisuwa ana sayarwa.

Na shimfiɗa jaridun gefe da gefe. Manyan sun yi tir da taron, sun kira shi abin kunya ga gari, amma zargin da ya haddasa shi sun karɓe shi kamar an riga an tabbatar. The Appeal, jaridar baƙaƙen fata ta St. Paul da John Quincy Adams ke jagoranta, ta kira kisan da sunansa. A cikin Duluth kuwa, ƙaramar jarida mai suna Rip-saw ce ta fito fili ta ce ba a yi fyaɗen ba. Jaridar da manyan gari ke kira ta tsegumi, ita ta tambayi abin da likita ya gani.

Ni baƙar fata ne, kuma sau da yawa ina bin wannan mahaɗar in zan je kasuwa. Ba zan yi kamar ina karanta labarin wasu can ba. Mutum uku kacal aka ɗaure a kan tayar da tarzoma, ba wanda aka samu da laifin kisa. Amma Max Mason, ɗaya daga ma'aikatan tawagar, an yanke masa ɗaurin shekara bakwai zuwa talatin a kan fyaɗen, aka sake shi a 1925 bisa sharaɗin ya bar jihar. Sai 12 ga Yuni, 2020 hukumar afuwa ta wanke shi, karo na farko da jihar ta yi wa mamaci afuwa.

Baƙaƙen fatan garin ba su yi shiru ba. Sun kafa reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, W. E. B. Du Bois, ɗaya daga cikin jagororinta, ya zo ya yi musu jawabi a Maris na 1921, kuma a Afrilun shekarar jihar ta yi dokar hana irin wannan kisa, wadda Nellie Francis ta St. Paul ta tsaya kai da fata a kanta. Daga nan garin ya rufe bakinsa shekaru da dama. Kaburburan ukun, a Park Hill ɗin da aka binne Kinkkonen, ba su sami alama ba sai 1991.

Shafi 31 na rubuta, na yage tara. Duk inda na ga alƙalamina na neman ya yi ado, na soke.

24 ga Afrilu

Jirage sun dawo, ƙanƙara ta janye daga bakin mashigi. Wannan watan na bi Rip-saw ne har ƙarshenta, kuma ta kai ni inda ban zata ba.

John L. Morrison ya fara ta a 1917. Mutum ne mai tsananin ƙin giya da caca da karuwanci, kuma ba ya sakaya sunan jami'in da yake zargi da cin hanci a wurin masu waɗannan sana'o'i. Ba zan mai da shi waliyyi ba. Yakan yi zargi mai nauyi da hujja maras nauyi, a 1924 kotu ta same shi da laifin ɓata suna. Wasu 'yan majalisar jiha da ya taɓa suka shige gaba aka yi dokar 1925, wadda ta bai wa alƙali ikon rufe jarida ɗungurungum in an ce mai yaɗa ɓatanci ce. Aka fara gwada ta a kan Rip-saw, amma Morrison ya rasu a 1926 kafin shari'ar ta yi nisa.

A 1927 aka ɗauki dokar aka rufe Saturday Press ta Jay Near a Minneapolis, jarida mai cike da ƙiyayyar Yahudawa wadda ba ni da abin yabo a kanta. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ranar 1 ga Yuni, 1931 alƙalai biyar cikin tara, ƙarƙashin babban alƙali Charles Evans Hughes, suka soke dokar. Suka ce in jarida ta yi ƙarya a kai ta kotu bayan ta buga, amma gwamnati ba ta da hurumin toshe mata baki tun kafin ta yi magana. A kan wannan hukunci aka dogara a 1971 lokacin da gwamnati ta so hana buga takardun sirrin yaƙin Vietnam. Igiyar da ta kai har can, bakinta na farko a wani ƙaramin ofishi yake a nan Duluth.

Na tsaya na daɗe a kan wannan. Jaridar da ta faɗi gaskiya a 1920 lokacin da manya suka kauce, ita ce kuma ta ɓata wa wasu suna. Da an rufe ta tun farko saboda na biyun, da babu wanda ya buga na farkon. A babin zan ajiye su duka a shafi ɗaya.

20 ga Mayu

Na sake karanta abin da na tara tun Satumba, na ga rami a farkonsa. Na fara tarihin daga 1869 saboda nan jarida ta fara, alhali wurin yana da mutane da suna tun kafin nan. Al'ummar Ojibwe, 'yan asalin yankin, na kiran sa Onigamiinsing, wato wurin ƙaramin tsallake, saboda a kan tsirin yashin nan suke ɗauke kwale-kwalensu su tsallaka, daidai inda aka yanka mashigi daga baya. Sunan Duluth kansa na wani Bafaranshe ne, Daniel Greysolon, Sieur du Lhut, da ya iso yankin a 1679. Yarjejeniyar La Pointe ta 1854 ce ta karɓe gaɓar arewa daga hannun Ojibwe, ta ware musu yankin Fond du Lac. Ba don ita ba, babu filin da Foster zai yi wa talla.

A tsofaffin jaridun ana magana a kansu ne, ba a ba su bakin magana. Yanzu mutanen Fond du Lac na da jaridarsu ta wata-wata da gidan tarihi kusa da Cloquet. Babi na ɗaya zai koma na biyu. Sabon na ɗayan ba daga fim zai fito ba, sai na je na zauna na saurara.

15 ga Yuni

Da safe na je mahaɗar. Tun Oktoban 2003 akwai wurin tunawa a can, tsallaken inda turken fitilar yake: siffofin samarin uku na tagulla a jikin bango, tsaye, sanye da kayansu. Na tarar da furanni a ƙasa. Na yi tsaye na ɗan lokaci, na karanta sunayen a bayyane.

Inda aiki ya tsaya: babi biyar na da daftari, wato mashigi da karyewar 1873, jirage, tama da ƙwadago, gobarar 1918 tare da Kinkkonen, sai 1920 da Rip-saw. Jimilla shafi 118 da hannu, na buga 40 a kwamfuta. Ban taɓa unguwar Morgan Park ba, wadda kamfanin U.S. Steel ya gina wa ma'aikatan masana'antar ƙarfensa, da yadda masana'antar ta mutu a shekarun 1970, inda nake sa ran samun amsar mutum dubu ashirin ɗin da na ambata ranar farko. Akwai kuma babin ƙarshe a kan News Tribune ta yau, wadda kamfanin Forum Communications ya saya a 2006, kuma tun 2020 sau biyu kawai take fitowa a takarda cikin mako, sauran kwanakin sai a intanet.

Dattijuwata ta ce akwai akwati biyu na wasiƙu da yankakkun jaridu a ɗakin ƙasa na gidan ƙanwarta, za mu je mu duba bayan ta dawo daga ganin likita. Kafin nan, ranar Talata zan hau mota zuwa Cloquet. Na sayi littafin rubutu na huɗu.